Abu Marwana Ibnu Zuhur, Likitan Ishbiliya da Bincikensa a kan Ciwon Ciki

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, muna neman taimakonSa da gafararSa, muna kuma roƙon Ya yi daɗin tsira da aminci ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani bawan Allah daga cikin magabatanmu na ƙasar Andalus, mutumin da ya tashi a gidan malaman mazhabar Imamu Malik, ya ƙare rayuwarsa yana duba marasa lafiya, sarki da talaka. Sunansa Abu Marwana Abdulmaliki ɗan Abul Ala'i Zuhur, amma an fi saninsa da Ibnu Zuhur, Turawa kuma suka karkata sunan suka mai da shi Abenzowar. Abin da ya sa muka zaɓe shi, shi ne ƙoƙarin da ya yi wajen gane cututtukan da ke ɓoye a cikin maƙoshi da tumbi da hanji, a zamanin da likita ba ya da abin leƙa cikin ɗan Adam in ban da idonsa da tafin hannunsa da tambayar da zai yi wa majinyaci.

Gidan da ya fito

Zuriyar Banu Zuhur Larabawa ne daga ƙabilar Iyad, waɗanda suka zauna a Andalus, wato yankin da yake cikin ƙasar Sifaniya a yau. Kakan mahaifinsa, Muhammadu ɗan Marwana, malamin fiƙihu ne sananne, ya rasu wajen shekara ta 422 bayan Hijira (1031). Ɗansa Abdulmaliki shi ne ya buɗe wa gidan ƙofar likitanci. Ya yi tafiya gabas, ya zauna a Ƙairawan da Masar yana karatu, sa'an nan ya komo ya sauka a garin Daniya a bakin teku, inda ya yi aikin magani har Allah Ya karɓi ransa. Shi kuma ya haifi Abul Ala'i, wanda sunansa ya kai ko'ina a Andalus, har ya zama likitan Sarkin Ishbiliya Almu'utamidu ɗan Abbad.

Akwai wani labari da marubuta tarihin likitoci suka kawo game da Abul Ala'i, wanda ke nuna irin halin mutanen gidan. Wani falke ya zo daga Iraƙi da kyakkyawan kwafi na Alƙanun, babban littafin Ibnu Sina, ya ba shi kyauta yana tsammanin ya kawo masa abin da ya fi zinariya. Abul Ala'i ya duba littafin, bai gamsu da shi ba, ya ƙi sa shi cikin taskar littattafansa, sai ma ya riƙa yanke gefen takardunsa yana rubuta wa majinyata magani a kai. A ganinmu ya yi tsanani, domin Alƙanun littafi ne da duniya ta amfana da shi ɗaruruwan shekaru. Amma labarin ya isa ya nuna cewa a wannan gida girman sunan marubuci ba ya wadatarwa, sai an ga maganarsa ta yi daidai da abin da ake gani a jikin mara lafiya.

An haifi Abu Marwana a birnin Ishbiliya tsakanin shekara ta 484 da 487 bayan Hijira (1091 zuwa 1094). Lokacin kuwa mulkin garin ya canja hannu ke nan. Murabiɗuna, mutanen Sanhaja masu rufe fuska da rawani, waɗanda harakarsu ta faro daga yammacin Sahara ta hanyar wa'azin Malam Abdullahi ɗan Yasin, sun ƙetare teku ƙarƙashin Yusufu ɗan Tashfin, suka ci yaƙin Zallaƙa a 1086, sa'an nan a 1091 suka karɓe Ishbiliya, suka kai Almu'utamidu zaman talala a Agmat kusa da Marrakish. Abul Ala'i ya shiga hidimar sababbin masu mulki, ya sami matsayi babba a wurinsu.

Yaron ya tashi kamar yadda ƴaƴan manyan gidaje ke tashi: Alƙur'ani, Hadisi, fiƙihu, harshen Larabci, sa'an nan likitanci a gaban mahaifinsa. Domin mai karatu ya gane zamanin da ake magana, tsaransa ne Alƙali Iyal mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da zaurukanmu, wanda ya rasu a Marrakish a shekara ta 544 (1149). Haka kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi mai Ahkamul Ƙur'ani ɗan garinsu ne, zamaninsu ɗaya. Wani abin lura game da Ibnu Zuhur shi ne, mafi yawan manyan likitocin musulmi na da, irin su Arrazi da Ibnu Sina da Ibnu Rushdi, sun haɗa likitanci da falsafa da wasu fannoni, shi kuwa ya tsaya a kan fanni guda, duk abin da ya bari na rubutu a kan magani yake.

A shekara ta 515 (1121) ya rubuta littafinsa Al'iƙtisad domin Yarima Ibrahimu ɗan Yusufu ɗan Tashfin. Shekara goma bayan haka, a 525 (1131), mahaifinsa ya rasu.

Kurkukun Marrakish

Kusantar sarakuna tana da daɗi, tana kuma da tsada. Sarki Aliyu ɗan Yusufu, wanda ya hau gado a shekara ta 500 (1106), shi ne wanda a zamaninsa aka ƙona Ihya'u na Imamu Gazali a Ƙurɗuba. Fushinsa ya faɗa wa gidan Banu Zuhur, aka kama Abu Marwana aka tsare shi a Marrakish shekaru masu yawa. Yana cikin kurkuku a shekara ta 535 (1140), kuma ko a can bai daina karantarwa ba, domin an ruwaito wani almajiri ya karanci Al'iƙtisad a gabansa a cikin wannan hali. Zafin abin bai bar zuciyarsa ba har tsufa, shi ya sa a babban littafinsa in ya zo ambaton Sarki Aliyu yakan haɗa sunan da kalma mai ɗaci.

Aliyu ya rasu a 1143. A 1147 Muwahhiduna, mabiyan Ibnu Tumart, suka ci Marrakish ƙarƙashin Abdulmumini, a shekarar kuma Ishbiliya ta shiga hannunsu. Abdulmumini ya jawo Ibnu Zuhur a jiki, ya mai da shi likitansa, ya ba shi daraja irin ta waziri. Dominsa ne ya rubuta Kitabul Agziya, littafin da ya yi bayanin abinci iri iri, da hatsi da nama da madara da ƴaƴan itace, da abin da kowanne ke haifarwa a jiki, da wanda ya dace da kowane lokaci na shekara.

Inabi da kwaɗo

Ibnu Abi Usaibi'a, mutumin Sham da ya tara tarihin likitoci a ƙarni na bakwai na Hijira, ya kawo labarai biyu a kansa, dukansu kuma sun shafi ciki.

Na farko, Halifa Abdulmumini ya buƙaci maganin wankin ciki, ga shi kuma ba ya ƙaunar shan irin waɗannan magunguna. Sai Ibnu Zuhur ya zaɓi wata kurangar inabi a lambunsa, ya riƙa ba ta ruwan da aka jiƙa magungunan a ciki, har ta yi ƴaƴa suka nuna. Ya tsinko nono guda ya kai wa Halifa, ya tsaya yana ƙirga abin da yake ci. Da ya ci ƙwaya goma sai ya tsai da shi, ya shaida masa cewa sau goma zai zaga, aka ce kuma haka aka yi. Masu ilimin tsirrai na yau za su yi jayayya a kan ko magani yana iya bin saiwa ya taru a cikin inabi har ya yi wannan aiki, mu ma mun kawo shi ne a matsayin abin da aka ruwaito. Abin da ke bayyane a cikinsa shi ne yadda mutanen zamaninsa suka san shi: likita mai auna magani, mai lallashin majinyaci maimakon tilasta shi.

Na biyu ya fi kusa da rayuwarmu. A kan hanyarsa ta zuwa fada, kusa da wani gidan wanka a Ishbiliya, akwai wani mutum da cikinsa ya kumbura, launinsa ya koma rawaya, kullum yana kai masa kuka in ya zo wucewa. Wata rana Ibnu Zuhur ya tsaya ya dube shi da kyau, ya kuma dubi abin da ke kewaye da shi, sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar buta da mutumin ke shan ruwa da ita. Ya umurce shi ya fasa ta. Mutumin ya yi gardama, domin ba ya da wata. Aka dai fasa, sai ga ƙaton kwaɗo wanda ya daɗe a ciki ya girma. Daga nan mutumin ya fara samun sauƙi. Duk wanda ya san yadda randa da tulu da jarka ke zama a gidajenmu wata da watanni ba a wanke cikinsu ba, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan labari.

Attaisir

Babban aikinsa, wanda ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, shi ne Kitabut Taisir fil Mudawati wat Tadbir, ma'ana sauƙaƙa hanyar magani da tsarin kula da jiki. Ya jera cututtuka tun daga kai har zuwa ƙafa, yana kawo alamomin kowace, da maganinta, da abin da ya gani da idonsa ko ya ji daga mahaifinsa. Ibnu Rushdi, mai Bidayatul Mujtahid da ɗalibanmu na fiƙihu suka sani, ya girmama shi ƙwarai ko da yake Ibnu Zuhur ya girme shi da fiye da shekara talatin. Da Ibnu Rushdi ya rubuta Alkulliyat a kan ƙa'idojin likitanci na gaba ɗaya, sai ya tura mai son bayanin cututtuka ɗaya bayan ɗaya zuwa ga Attaisir.

Kamar sauran likitocin zamaninsa, Ibnu Zuhur ya ginu ne a kan koyarwar Jalinusa Bayunane, wadda ke cewa lafiya tana tsaye a kan daidaituwar abubuwa huɗu a jiki: jini, da balgamu, da safra'u, da sauda'u. Ilimin yau ya bar wannan bayani. Abin da bai tsufa ba a cikin littafin shi ne siffanta cuta kamar yadda take bayyana ga majinyaci, da gwada abu kafin a yarda da shi.

Misali, likitoci sun daɗe suna saɓani a kan ko ana iya huda maƙogwaro domin ceton wanda numfashinsa ya toshe. Ibnu Zuhur bai tsaya ga faɗi-in-faɗa ba. Ya sami akuya, ya tsaga fatar wuyanta, ya yanke ɗan ƙaramin wuri a maƙogwaronta, ya riƙa wanke raunin da ruwa da zuma har ya warke, akuyar kuma ta ci gaba da rayuwa. Ya kuma yi bayanin ƙurjin da ke fitowa a tsakiyar ƙirji tsakanin huhu biyu, wanda shi kansa ya yi fama da shi, da kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya, da ƙaramar halittar da ke shiga ƙarƙashin fata a cutar ƙazuwa.

Amma inda muke son mu daɗe shi ne abin da ya faɗa a kan hanyar abinci. Duk wanda ya karanci babin yanka ya san a wuyan dabba akwai hanya biyu: maƙogwaro wanda numfashi ke bi, da maƙoshi wanda abinci da ruwa ke bi zuwa tumbi. Haka yake ga ɗan Adam. Ibnu Zuhur ya siffanta wata cuta ta maƙoshi wadda ke farawa da ɗan zafi kaɗan da ɗan wahalar haɗiya, abin da mutum zai raina, sa'an nan ta yi ta ƙaruwa sannu sannu har hanyar ta toshe, mai ita ya rasa yadda zai yi da abinci yana kallonsa. Likitocin yau da suka karanta bayanin sun gane cewa ciwon daji na maƙoshi yake siffantawa. Ya kuma ambaci shanyewar maƙoshi, inda babu ƙari amma naman wurin ya daina tura abinci. Game da tumbi, ya yi magana a kan tsiro da ke fitowa a cikinsa masu kama da waɗanda kan fito a fata, ya ba da labarin wani mutum da ya rame matuƙa wanda ƙarin cikinsa ya kai girman tuffa, ya kuma ambaci wani gyambo mai cin nama wanda ya kira da sunan da ke nufin maciyiya.

To, mutumin da ya kasa haɗiya, yunwa ce za ta kashe shi kafin cutar. Nan Ibnu Zuhur ya tattauna hanyoyi uku na ciyar da shi. Ta farko, a sami bututu na azurfa ko na kuza, a zura shi sannu a hankali ta baki zuwa maƙoshi, a zuba madara ko wani abinci mai ruwa ta cikinsa. Ta biyu ita ce wadda wasu ke yi, ta zaunar da majinyaci a cikin kwatarniyar madara ko romo da tunanin jiki zai tsotsa ta fata. Wannan ya yi watsi da ita, ya ga ba ta da amfani. Ta uku, a ɗaura bututu a bakin mafitsarar akuya, a cika ta da abinci mai ruwa, a tura shi ta dubura bayan an wanke hanji. A kan hanya ta biyu yana da gaskiya. Ta uku likitoci sun ci gaba da yin ta har farkon ƙarni na 20, kafin a tabbatar cewa babban hanji ruwa da gishiri ya fi tsotsa, abinci kaɗan ne ke shiga jiki ta nan. Ta farko kuwa tana nan da ranta: siririn bututun roba da ake sa wa yaro mai tamowa ta hanci a gidan likita domin a ba shi madara, tunanin guda ne, azurfar ce kawai ta koma roba.

Abin da ya rage masa

Duk wannan ya gano shi ne daga waje. Yana tambaya, yana taɓa ciki, yana duban amai da bayan gida da fitsari, yana bin majinyaci kwana da kwanaki, amma bai taɓa ganin cikin tumbin mutum mai rai ba. Sai da aka yi shekara kamar 700 bayan rasuwarsa kafin wani ya gwada. A 1868 a garin Firaibug na Jamus, likita Adolf Kussmaul ya sami wani mai wasan haɗiye takobi, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47 har tumbi, amma hasken fitilarsa bai kai can ƙasa ba, bai ga abin kirki ba. A 1895 Rontgen ya gano hasken da ke ratsa jiki, wanda muke kira radiyo a gidan likita, ba da daɗewa ba kuma aka koyi ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha domin siffar maƙoshi da tumbi ta fito a hoto. A 1932 Rudolf Schindler ya fito da bututu mai madubai wanda rabinsa ke lanƙwasa. A 1957 a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka haɗa bututu mai laushi da zaren gilashi masu ɗaukar haske, shi ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya sa wa majinyaci. Wannan ne asalin abin da ake kira fibroskopi. Na yau yana da ƙaramar kyamara a bakinsa, likita na kallon cikin tumbi a allo, yana kuma iya gutsuro ɗan nama a kai ɗakin bincike a tantance ko gyambo ne ko ciwon daji. Wanda ake sawa ta dubura domin duban babban hanji yana iya cire irin tsiron nan da Ibnu Zuhur ya ambata tun kafin ya rikiɗe.

Wani binciken da ya canja al'amari shi ne na likitoci biyu a garin Pat na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall. A 1982 suka raya wata ƙwayar cuta da suka samo a tumbin masu gyambon ciki, wadda ake kira Helikobakta pilori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin tumbi, a 2005 kuma aka ba su biyun kyautar Nobel. Yau ana gano ta ta hanyar gwajin bayan gida, ko na numfashi, ko gutsuren naman tumbi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana goma zuwa goma sha huɗu.

Mun kawo wannan ne domin a garuruwanmu duk ciwon ciki sunansa olsa, duk jinin da ya fito ta ƙasa sunansa basir, in rama ta yi yawa kuma sai a ce sammu ne. Mutum sai ya shekara yana shan kanwa da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƴan tebur, ba za a kai shi likita ba sai ya kasa haɗiye koko. Alhali alamar da Ibnu Zuhur ya rubuta tun ƙarni na shida na Hijira, wato abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, yau tuwo gobe fura, tana cikin alamomin da likitoci ke cewa kada a jinkirta leƙa ciki in an gan su. Haka aman jini, da bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, da rama ba dalili, da ƙoshi daga loma biyu, musamman ga wanda ya manyanta. Ana yin wannan gwaji a Yamai, mintoci kaɗan yake ɗauka, sharaɗinsa mutum ya zo bai ci komai ba na wasu awoyi. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na goma a Jidda a 1997 ta yanke cewa bututun leƙa tumbi ba ya karya azumi matuƙar ba a tura wani ruwa ko wani abu tare da shi ba. Tun da sau da yawa akan shafa wa bututun wani abu ko a fesa ruwa ta cikinsa, ya kamata mai azumi ya tambayi likita yadda za a yi, sa'an nan ya kai wa malami bayanin.

Akwai kuma maganar kunya, wadda ke hana da yawa yarda a duba su ta ƙasa. Shi kansa Ibnu Zuhur kunya ta yi masa tasiri, domin ya ƙyamaci aikin cire tsakuwa daga mafitsara saboda buɗe al'aura da ke cikinsa. A nan ba mu tare da shi, domin malaman fiƙihu sun halatta wa likita ya dubi al'aura gwargwadon lalura in magani ya buƙaci haka. Gidansa kuma ya kawo wa mata mafita mai kyau: ƴarsa da jikanyarsa sun ƙware a likitanci, musamman abin da ya shafi mata da haihuwa, su ne ke shiga wurin iyalan Halifa Almansur.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A Ishbiliya akwai wani likita da ake yi wa laƙabi da Alfar, wanda suke tsokanar juna da Ibnu Zuhur. Ibnu Zuhur mai yawan cin ɓaure ne, Alfar kuwa ba ya ci. Alfar yakan yi masa hasashen cewa ɓaure zai jawo masa mugun ƙurji da zai zama ajalinsa, shi kuma yakan mayar masa cewa ƙin cin ɓauren ne zai jawo masa tasa cutar. Masu tarihi sun ce kowannensu da abin da ɗan'uwansa ya ambata ya tafi. Ƙurji ya fito wa Ibnu Zuhur, irin wanda ya yi ajalin mahaifinsa. Ya yi wa kansa magani bai ga sauƙi ba. Ɗansa Abubakar ya ba shi shawarar ya canja magani, sai ya nuna masa cewa in Allah Ya ƙaddara ƙarewar wannan jiki, ba zai sami ikon yin amfani da wani magani ba sai wanda zai cika abin da aka ƙaddara. Ya rasu a Ishbiliya a shekara ta 557 (1162), aka binne shi a bayan ƙofar garin da ake kira Babul Fatahi.

Abubakar, wanda ake kira Alhafid, ya gaje shi a likitancin fada, ya kuma yi suna a waƙa. Ya rasu a Marrakish a shekara ta 595 (1199), an ce guba aka sa masa, shi da ƴar ƴar'uwarsa likitar nan. Likitanci ya zauna a gidan Banu Zuhur har zuriya shida. Ishbiliya ta fita daga hannun musulmi a 1248.

Littafin kuwa ya ci gaba da tafiya. An fassara Attaisir zuwa Ibrananci, an mai da shi Latinanci a 1281, aka buga shi a birnin Benis na Italiya a 1490, aka kuma sake bugawa sau da dama domin makarantun likitanci na Turai. Asalinsa na Larabci ya zauna a rubutun hannu har 1983, lokacin da aka buga shi a Dimashƙa, fassararsa ta Faransanci kuma ta fito a Paris a 2010, ga ɗalibanmu da suka fi ƙarfi a wannan harshe. A Maroko akwai jami'a a garin Agadir mai ɗauke da sunan Ibnu Zuhur, akwai kuma gidan likita mai sunan a Marrakish, garin da aka tsare shi.

Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.